Martani: Murya Ba Ta Iya Jiran Layi, Malam

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa, malami kuma ma'abocin rubutu kan harkar sadarwa, ya fitar kwanakin baya, inda ya yi kaca-kaca da masu saita na'urorin intanet na ofisoshi domin su ba kiran murya fifiko a kan sauran kaya, abin da injiniyoyi ke taƙaitawa da QoS. Sau biyu na karanta ta, na biyun da biro a hannu. Malam ya girme ni, ya kuma fi ni iya jera magana. Sai dai da wannan aiki nake cin abinci tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ina hawa tsani ina jan waya, kuma idan na yi shiru na ci amanar sana'a.

Hujjojin Malam uku ne. Ta farko, maganin yankewar murya shi ne a sayi layi mai faɗi, duk wani saiti bayan wannan dabarar 'yan kwangila ce ta cin kuɗi. Ta biyu, fifita wani kaya a kan wani zalunci ne, domin intanet ta ginu ne kan daidaito. Ta uku, alamar fifikon da ake liƙa wa murya ba ta tsira da zarar ta bar ofis, don haka aikin banza ne. Ta ukun tana da ƙamshin gaskiya, zan kuma ba shi haƙƙinsa a kanta. Biyun farko ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Hujjar a ƙara faɗi tana da asali, kuma asalinta mai daraja ne. A watan Fabrairun 2006, Gary Bachula, ɗaya daga shugabannin ƙungiyar Internet2 mai haɗa manyan jami'o'in Amurka, ya ba da shaida a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar. Ya bayyana cewa injiniyoyinsu sun shafe shekaru suna gwada tsarin fifiko, daga baya suka ga ya fi araha su ƙara faɗin hanya kawai. Gaskiya ya faɗa game da gidansu. Babbar hanyarsu a lokacin tana ɗaukar gigabit 10 a sakan guda, wato megabit dubu goma. Ofishin da zan ba da labarinsa nan gaba megabit 2 yake da shi na turawa. Shawarar mai dubu goma ce Malam ya ɗauko ya yafa wa mai biyu, alhali zanen aro ba ya rufe katara.

Bari mu duba yadda murya ke tafiya. Idan mutum ya yi magana ta intanet, na'ura tana yayyanka muryarsa ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na ɗauke da sautin milisakan 20. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan, ke nan ƙulli 50 ke fita a kowane sakan. A tsohon tsarin nan na G.711, wanda wayoyin tebur na ofis ke yawan amfani da shi, kira ɗaya yana cin kilobit 64, idan aka haɗa da adireshin da ke bayan kowane ƙulli ya zama 80. Wannan ɗan mitsitsin abu ne. Hoton rasit guda da aka ɗauka da wayar zamani yana iya fin maganar minti biyu nauyi.

Matsalar murya ita ce ba ta da haƙuri. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta bayyana a ƙa'idarta mai lamba G.114 cewa hira tana tafiya lafiya muddin jinkiri daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba, kuma idan ya haura 400 ta lalace. A nan ne za ka ji mutum biyu suna cin karo da maganar juna, kowa ya yi shiru, kowa kuma ya sake farawa lokaci guda. Masu sana'a suna ƙara sharaɗi biyu: kada bambancin lokacin isowar ƙulli da ƙulli ya wuce milisakan 30, kada kuma abin da ke zubewa a hanya ya kai ɗaya cikin ɗari. Takarda ko hoto idan wani ɓangarensu ya ɓace, kwamfuta za ta nemi a sake turo shi, mai ita ma ba zai sani ba. Murya ba ta da wannan gata. Ƙullin da ya makara daidai yake da wanda ya ɓace, domin maganar ta riga ta wuce.

Kada kuma a ɗora wa nisa laifi. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan guda. Ko da kiran da aka yi daga Argungu ya yi zagayen kilomita 1,000 kafin ya dawo Birnin Kebbi, milisakan 5 kawai ya kashe a hanya. Lokacin yana tafiya ne a zaure. Kowace rauta, wato akwatin da ke raba intanet a ofis, tana da wurin da kaya ke zama su jira idan ƙofar fita ta cika. Ɗauki zaure mai cin kilobayit 256 a kan layi mai megabit 2. Idan ya cika, ƙullin da ya zo ƙarshe sai ya jira kusan sakan guda cur kafin ya fita, ninki shida da ɗoriya na abin da kunne ke iya jurewa.

Yanzu mu bi shawarar Malam mu ninka layin. Jiran ya koma rabin sakan, har yanzu hira ba ta yiwuwa. Sai an ninka shi sau goma kafin jiran ya sauko milisakan 100. Ko hakan ma ba a tsira ba, domin ƙa'idar TCP da kwamfutoci ke tura manyan kaya da ita an gina ta ne ta riƙa ƙara gudu har sai ta ga kaya sun fara zubewa, sannan ta ja baya, ta sake ƙarawa. Duk faɗin da ka ba ta za ta cika shi, kamar yadda ambaliya ke cika duk kwarin da ta samu a fadama. Wannan ciwo yana da suna a wajen masana tun 2010, lokacin da injiniya Jim Gettys ya gano shi a layin gidansa a Amurka, ƙasar da Malam ke ganin faɗi ya gama magance komai.

Ga abin da na gani da idona. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe katafaren injin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, cinikin shanshera ya zama harka ta manyan kuɗi, farashi na iya motsawa tsakanin hantsi da la'asar. Wani Alhaji mai sayen shinkafa, da ofis a Birnin Kebbi da sito a Argungu, ya sa aka haɗa masa wurare biyun da wayoyin tebur masu bin intanet. Da safe komai lafiya. Da an yi sallar la'asar kuwa, lokacin da yaran sito ke tura hotunan rasit da lissafin awo, wayoyi kuma suna kwashe hotunansu zuwa ma'ajiyar intanet ba tare da kowa ya umarce su ba, sai waya ta zama abin takaici. Ba abin da kake ji a ofishin sai "Mi kac ce? Sake faɗi!"

Wata rana Alhaji ya ce wa yaronsa na sito, "Kar ka saya." Abin da ya isa kunnen yaro shi ne, "Ka saya." Kalmar "kar" ba ta fi kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba a baki, ƙulli goma ke nan. Allah ya sa yaron mai hankali ne, ya ga farashin ya yi tsada, ya sake kira ta wayar hannu. Harshenmu yana rataye ma'ana a kan ƙananan abubuwa: "ba" ta korewa, "kar" ta hani, tsawon wasali, hawa da saukar murya. Abin da injiniya zai kira zubewar kashi kaɗan, a kunnen Bahaushe yana iya juya hani ya koma umarni.

Da aka kira ni, Alhaji ya riga ya yanke shawara irin ta Malam. Ya ce, "Yaro, gaya mani nawa zan ƙara a faɗaɗa layin." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni yini guda tukuna, idan bai yi ba sai a ƙara."

Abu huɗu na yi. Na farko, na sa wa ƙullin murya alama. A goshin kowane ƙulli akwai gurbi mai ɗaukar lamba daga 0 zuwa 63, tsarin da aka amince da shi tun 1998, kuma lamba 46 ita ce ta kayan gaggawa irin murya. Na kuma hana rauta yarda da wannan lamba daga kowace na'ura in ba wayoyin tebur ba, domin idan kowa ya zama mai gaggawa an koma gidan jiya. Na biyu, na buɗe wa mai lamba 46 layinsa daban, wanda ake sallama kafin kowa, amma na ƙayyade masa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na hanyar, kamar yadda masu sana'a suka saba. Na uku, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, na rage wa rautar gudu zuwa kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da kamfanin intanet ke bayarwa. Hikimar ita ce layi ya taru a zauren da nake da iko da shi, maimakon zauren kamfani inda ba wanda ya san ni. Na huɗu, na kunna tsarin WMM a kan wayifai, wanda ke raba kaya gida huɗu ya sa murya a gaba.

Bayan wannan, iyakar jiran da cunkoson ofis ke jawo wa ƙullin murya shi ne babban ƙulli guda da ya riga ya sa kai a ƙofa. Mafi girmansu bayit 1,500 ne, kuma a layi mai megabit 2 yana wucewa cikin milisakan 6. Daga kusan dubu an dawo shida. Me sauran suka rasa? Kira uku a lokaci guda kilobit 240 suke ci, kashi 12 cikin ɗari na layin. Fayil mai megabayit 5 da zai tafi cikin sakan 20 idan hanya tasa ce shi kaɗai, sai ya ɗauki kusan 23 idan ana waɗannan kira, ya ƙara kamar uku saboda ragin gudun da na yi. Ba akawun da ya taɓa zuwa ƙorafi. Alhaji bai ƙara ko kwabo a kuɗin wata ba, kuma wannan kafin hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari na farashi a Janairun 2025. Wanda ya ce wa ɗan kasuwa a yau ya ninka layinsa sau goma, ya fara duba aljihun mutumin.

Sai batun zalunci, wanda ya fi ci mani rai, domin Malam ya haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Duk wanda ya tashi a unguwa ya san injin niƙa. Mutum ya kawo buhu biyar na masara, ana cikin yi sai ga yarinya da 'yar tiya ɗaya ta gero, uwarta na jira ta dama wa jariri kunu. Mai inji yana gama kwanon da ke ciki sai ya karɓi nata, minti biyu ta tafi. Mai buhu biyar bai yi asarar komai ba, kuma ba dattijon da zai ce an zalunce shi. Zalunci shi ne mai inji ya karɓi na goro ya tsallakar da buhun attajiri, ko ya ƙi niƙa wa wata don mijinta na da inji a wata unguwa.

Irin wannan zaluncin ya faru a duniyar intanet, kuma shi ne ya haifi gwagwarmayar daidaito da Malam ke kafa hujja da ita. A 2005, wani kamfanin tarho a Amurka mai suna Madison River ya toshe wa abokan cinikinsa kiran murya ta intanet domin yana rage masa ciniki. Hukumar sadarwar ƙasar ta sa baki, kamfanin ya biya dala 15,000 ya buɗe hanya. A lura, murya ce aka zalunta a wannan shari'a. Dokar Tarayyar Turai ta 2015, wadda ke cikin mafi tsauri a duniya kan daidaito, ta hana fifiko don dalilin kasuwanci, amma ta halatta tsara zirga-zirga bisa bambancin buƙatar kowane nau'in kaya. A nan gida ma, ƙa'idojin intanet da NCC ta fitar a 2019 sun bi wannan layi. Ballantana abin da muke magana a kai, mai ofis ne ke tsara layin da ya saya da kuɗinsa a cikin gininsa. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Akwai ma abin da Malam bai lura da shi ba a aljihunsa. Idan wayarsa tana kira ta hanyar 4G, tsarin da ake ce wa VoLTE, muryarsa ƙulli-ƙulli take tafiya kamar kowace data. Abin da ya sa ba ta shaƙewa lokacin da maƙwabta ke kallon bidiyo shi ne, an ware mata aji na ɗaya, mai tabbataccen kaso da iyakar jinkirin milisakan 100. Ya tuna ranar Bikin Kamun Kifi na Argungu, lokacin da aka ba da alama masunta suka auka kogin Matan Fada da homa da gora, dubban 'yan kallo suka ɗaga wayoyi kowa na son tura bidiyo a sakan guda. A cikin wannan taro akwai wanda ɗansa ya ɓace, akwai mai neman motar asibiti. Idan aka bi daidaiton da Malam ke wa'azi, kiransu zai tsaya a bayan bidiyon kowa.

Yanzu ga haƙƙin Malam. Gaskiya ne lamba 46 ba ta da daraja a babbar intanet. Kamfanoni da yawa suna goge ta ko su yi biris da ita. Gaskiya ne fifiko ba ya ƙirƙirar faɗin da babu shi: layin da ba zai ɗauki kira goma ba, ba saitin da zai sa ya ɗauka. Ba ya maganin fayibar da masu aikin titi suka tsinke, ko eriyar da man janaretanta ya ƙare. Ba ya rage nisan tsohon tauraron ɗan'adam da ke kilomita 35,786 a sama, inda hawa da sauka kaɗai ke cin kusan milisakan 240. Abin da ke saukowa daga waje ma ikonmu a kansa kaɗan ne. Kuma akwai 'yan kwangilar da ke rubuta QoS a takarda su karɓi kuɗi ba su taɓa komai ba. Duk na yarda.

Amma a sani cewa a yawancin ofisoshinmu maƙurar hanya tana bakin ƙofa ne, tsakanin rauta da kamfani, musamman ta ɓangaren turawa. Can cikin manyan hanyoyi akwai faɗi. Alamar ba ta buƙatar ta kai Legas. Ta yi aikinta idan ta fitar da murya daga zauren da ya cika. Har kiran WhatsApp, wanda ba kullum ake iya tantance shi a sa masa lamba ba, yana da magani. Daga aikin Kathleen Nichols da Van Jacobson na 2012 aka samu tsarin fq_codel, daga baya CAKE, waɗanda ke ba kowane mai aika kaya layinsa, su riƙa sallamar mai ɗan kaɗan da wuri ba tare da sun tambayi sunansa ba. Suna nan kyauta a cikin manhajar rauta ta OpenWrt da sababbin manhajojin MikroTik, rautar da ta cika ofisoshinmu. Mai injin niƙan nan ne aka mayar lissafi.

Kuma ranar ƙunci ce ke nuna amfanin tsari. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka shiga wahala. Ƙaramin irin wannan yana faruwa a nan duk lokacin da babban layi ya yanke aka koma kan ɗan modem na ko-ta-kwana. A irin wannan rana ba kasuwar da za ka je ka sayo faɗi. Abin da ya rage shi ne wa zai fara wucewa, kuma wanda bai tsara ba tun ana lafiya, hotunan biki ne za su yanke masa hukunci.

Ina tare da Malam a kiran da yake yi a shimfiɗa fayiba har Kamba da Yawuri da Zuru, Allah ya nuna mana. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma mai sayen shinkafa yana da kiran da zai yi yau da la'asar. Roƙona ga malaman kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta jiha da ke Aliero, shi ne su sa ɗalibi ya cika layi da hannunsa, ya auna jinkiri, ya saita, ya sake aunawa. Masu ofis kuma, kafin ku biya ɗan kwangila, ku sa a tura babban fayil, ku ɗaga waya ku kira a daidai lokacin. Idan murya ta fita tas, ku biya shi. Idan ta yanke, ya koma bakin aiki. Malam kuwa, ina gayyatarsa Argungu ranar da ya samu sarari, bayan la'asar. Zan kashe saitin ya yi kira, in kunna ya sake yi, sannan ya rubuta abin da kunnensa ya ji.